Aikatau «sha» da kalmomin giya a Hausar yankin Tasawa da Mayahi, tare da kwatanci da harshen Koriya

0. Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa aikin tattara kalmomi domin ƙamus ya san cewa akwai fannonin rayuwa da mutane ke ba da kalmominsu hannu sake, kamar noma da kiwo da saƙa, akwai kuma waɗanda ake riƙe kalmominsu a ciki saboda kunya ko gudun zargi. Fannin giya yana cikin kashi na biyu. Amma kalma ba ta jiran a yarda da ita kafin ta yi aiki a harshe, kuma ranar da tsofaffin da suka san ta suka kau, to ta tafi ke nan.

A cikin wannan ɗan nazari za mu duba abubuwa uku. Da farko za mu bi ma'anonin aikatau «sha» da kalmomin da aka ƙira daga gare shi. Na biyu, za mu dubi kalmomin giya da irin zaman jama'ar da ya haife su a ƙasar Hausa ta jahar Maraɗi. Na uku, za mu kwatanta da Koriya ta Kudu, ƙasar da shan giya a taro ke da ƙa'idoji sanannu waɗanda suka shiga har cikin nahawun harshen. Manufarmu ita ce bayani. Hukuncin addini a kan giya sananne ne, ba shi ne batunmu ba.

1. Yankin da mutanensa

Hawandawaki ƙaramar hukuma ce ta karkara a kudancin gundumar Tasawa, dab da iyakar Najeriya, ita kuwa Mayahi tana arewa maso yamma da Tasawa. Mutanen kudancin yankin suna cin kasuwannin ɓangarorin iyaka biyu, suna riƙe da sefa da naira, suna kuma sauraren gidajen rediyon Katsina da Kano, saboda haka kalmomin aro na shigo masu ta ƙofa biyu, ta Faransanci da ta Ingilishi.

Ta fuskar tarihi, wannan ƙasa ce da sarakunan Haɓe suka fake a cikinta bayan da masu jihadi suka ci Katsina a 1807. Sarakunan Musulmi ne, amma sun zauna tare da dangogin manoma masu bin addinin gargajiya, kuma ba su tilasta masu barin al'adunsu ba. Sunan waɗannan mutane ya bambanta bisa karin harshe: «Azna» a Adar da Arewa, «Arna» a gabas, «Anna» (tilo «Anne») a kwarin Maraɗi, inda baƙin farko ya narke cikin na biyu. A ƙasar Kano da Katsina «Maguzawa» ake cewa. Greenberg (1946) ya yi nazarin Maguzawan Kano, Guy Nicolas (1975) ya yi na Annan kwarin Maraɗi. A yau kusan duk mutanen yankin Musulmi ne, kalmomin da za mu gani a sashe na 3 kuwa galibi a bakin dattawa suka rage.

2. Aikatau «sha»

2.1. Ma'ana ta zahiri da ta siffantawa

Claude Gouffé ne ya fara keɓe wa «ci» da «sha» nazari na musamman a 1966. Abu na farko da ake lura da shi shi ne «sha» ya fi aikatau na Faransanci «boire» faɗi:

(1) a. Ya sha fura.
b. Ya sha mangwaro.
c. Ya sha magani.
d. Ya sha taba.
e. Ya fita shan iska.

Watau duk abin da ke wucewa maƙogwaro ba tare da an wahala wajen tauna ba, ko ake tsotsa, ko ake zuƙa, «sha» ake yi masa. Daga nan ma'anar ta miƙe zuwa abin da ke faɗa wa mutum ba da sonsa ba:

(2) a. Ya sha wahala.
b. Ya sha kashi.
c. Ya sha rana.
d. Ya sha zagi.
e. Ya sha kaye.

Jaggar da Buba (2009) sun taƙaita lamarin da cewa, a fagen siffantawa, «ci» na nuna rinjaye (ya ci gari, ya ci jarrabawa), «sha» kuwa na nuna cewa abu ya auka wa aikau. Karin maganar nan ta «ba a shan zuma sai an sha harbi» ta haɗa ma'anonin biyu a jimla ɗaya: shan farko na (1) ne, na biyu na (2).

2.2. «Sha» ba tare da karɓau ba

(3) a. An sha ruwa.
b. Yana shan shayi.
c. Yana sha.

A watan azumi (3a) na nufin an buɗe baki, jimla ce ta ibada. (3b) labari ne kawai. Amma (3c), idan ba a riga an ambaci abin shan a cikin zance ba, ma'ana ɗaya gare ta: mutumin na shan giya, kuma ya mai da abin ɗabi'a. Shafe karɓau a nan hanya ce ta sakaya zance. Mai magana bai furta kalmar da ake ƙyama ba, mai sauraro kuma ya gane. Wata hanyar ita ce a sa «ruwa» a gurbin giya. Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, yana da waƙa sananna a kan shan ruwa, kuma masu sauraronsa ba su taɓa ɗauka ruwan rijiya yake nufi ba.

2.3. Kalmomin da aka ƙira

Da ɗafa-goshin «ma-» ana samun «mashayi», «mashayiya», jam'i «mashaya», da kuma sunan wuri «mashaya». A rubutu kalmomin biyu na ƙarshe iri ɗaya ne, karin sauti ne ke raba su: jam'in yana da sama-ƙasa-sama, sunan wurin kuwa sama ne duka. Asalin sunan wurin shi ne bakin gulbi ko tabki inda dabbobi ke shan ruwa, har yanzu kuma haka makiyayi ke fahimtarsa, alhali ɗan birni gidan giya yake ji. «Mashayi» shi ma ya ƙuntata: ba a kiran mai yawan shan fura da wannan suna. Sai «shaye-shaye», wanda za mu koma kansa a sashe na 5.

3. Giyar dawa da zaman taro

3.1. Sunaye

«Giya» ita ce kalma ta gaba ɗaya. «Burkutu» giyar dawa ce mai kauri, «fito» ɗan'uwanta ne da ya fi ta tsinkewa, «bammi» ruwan itacen kwakwa ne ko na tukurwa da ake samu a kudu, «barasa» kuwa an fi jingina ta ga mai ƙarfi ta kwalba. Burkutu da fito ba na Hausa kaɗai ba ne: ana jin «burukutu» da «pito» a tsakiyar Najeriya da arewacin Gana, da «cukutu» a Benin da Togo. Kalmomi ne masu yawo, sun bi hanyoyin fatauci.

3.2. Yadda ake dafa ta

A inda ake yin burkutu, aikin mata ne. Ana jiƙa dawa, a baza ta a rufe har ta yi tsiro, a shanya, a niƙa, a dama da ruwa, a dafa a manyan tukwane, a bari ta yi tsami, a sake dafawa, a tace, sannan a ajiye ta ta tashi. Tsiron ne ke mai da garin dawa ya zama mai zaƙi, zaƙin nan kuma shi ke juyewa ya zama abin maye. Aikin na cin kwanaki. Ƙarfinta kaɗan ne, kusa da na giyar kwalba ta yau.

Akwai wani hali nata da ya kamata a riƙe: burkutu ba ta ajiyuwa. Tun da ba a kashe abin da ke tashin ta ba, bayan kwana ɗaya ko biyu sai ta yi tsamin da ba ta shawuwa. Wanda ya dafa tulu goma ba shi da yadda zai yi ya ɓoye su zuwa baɗi, dole ya kira mutane. Ke nan, tun daga tukunya, abin sha ne na taro. Shi ya sa masu nazarin Maguzawa, irin su Greenberg da Jerome Barkow, suka same ta a wurin gayya da biki da makoki. A gayya ba a biyan lada da kuɗi, mai gona ciyarwa da shayarwa yake yi, ranar gayyar maƙwabcinsa kuma shi ma ya ɗauki hauyarsa ya je.

3.3. «Sha» da «salla»

Tun da daɗewa giya ta zama alamar da ake rarrabe jama'a da ita. Littafin Kitabul Farƙi, wanda ake jingina wa Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, ya lissafa shan abin da shari'a ta hana cikin laifuffukan sarakunan Haɓe. Ayoyin da malamai ke kafa hujja da su suna cikin Baƙara (219) da Nisa'i (43) da Ma'ida (90-91), haddin kuwa a mazhabar Malikiyya bulala 80 ne. A bakin talakawa duk wannan ya dunƙule cikin aikatau biyu: ana cewa wane «ya kama salla», an kuma san cewa abin da ya fara bari shi ne «sha». Ko a bori rabon ya fito, domin an san iskokin gidan Arna da son giya, Malam Alhaji kuwa ba ya kusantar ta.

3.4. Kalmomin maye

(4) a. Ya bugu.
b. Ya yi tatul.
c. Ya yi mankas.
d. Ya yi marisa.
e. Yana tangaɗi.

«Bugu» daga «buga» yake, a sigar da ke nuna aiki ya auku a kan aikau har ya kai matuƙa, kamar «dafu» daga «dafa». Mashayi ke nan abin bugu ne, giya ce mai bugun, wanda ya yi daidai da ma'anar «sha» da muka gani a (2). «Marisa» kuwa sunan giyar dawa ne a Larabcin Sudan, da alama ta hanyar gabas ta iso. Abin lura shi ne, ko bayan da tukwanen suka mutu, kalmar «giya» ta ci gaba da aiki a adon magana: «giyar mulki», «giyar kuɗi», da «ko giyar wake ya sha ba zai yi haka ba». Limami ma yakan faɗi ta farkon a kan mumbari.

4. Koriya ta Kudu

Mun rubuta kalmomin Koriya yadda kunnen Bahaushe zai ji su.

4.1. Aikatau

Harshen Koriya na da «mashida» (sha) da «mokta» (ci). Jae Jung Song ya yi nazarinsu a littafi ɗaya da Jaggar da Buba, wanda John Newman ya shirya a 2009. A can «ci» ne mai faɗi. A maganar yau da kullum ana «cin» magani, ana ma «cin» giya, sannan:

(5) a. yok mokta: cin zagi, watau shan zagi
b. towi mokta: cin zafi, watau zafin rana ya kayar da mutum
c. nai mokta: cin shekaru, watau tsufa

Ashe nauyin da Hausa ta ɗora wa «sha» a (2), Koriya «ci» ta ɗora wa. Hoton ɗaya ne, abu ya shiga jikin mutum ya yi masa tasiri, amma kowane harshe ya zaɓi aikatau nasa. Wannan ya isa gargaɗi ga mai son mai da rabon «ci» da «sha» na Hausa doka ga harsunan duniya.

Bugu da ƙari, idan babba ne ke ci ko sha, ba a amfani da ɗaya daga cikin biyun, sai a ce «tushida». Giya kanta «sul» ce, amma ta dattijo «yakju» ake ce mata, ma'ana giyar magani. Bahaushe na sakaya sunan giya don yana ƙyamarta, Bakoriye na sauya sunan don yana girmama mai shanta.

4.2. Ƙa'idojin zama

A taron sha mutum ba ya zuba wa kansa. Ƙarami na zuba wa babba da hannu biyu, yana karɓa da hannu biyu, idan zai kurɓa kuma sai ya kau da fuska gefe. Ba a sha sai da abin ci a gaba, wanda ake kira «anju». Bahaushe ba zai ga baƙon abu a nan ba in ya tuna yadda ludayi ke zagaya ƙwaryar fura daga babba zuwa ƙarami, da yadda suruki ba ya ci ko sha a gaban surukansa. Kunya ce da kara, abin da ke cikin moɗa ne kawai ya bambanta.

Kamancin ya fi fitowa a karkara. «Makkoli» giyar shinkafa ce fara mai kauri, ƙarfinta kimanin kashi 6 cikin 100, ita ma a asali ba ta ajiyuwa. Ana ce mata «nongju», giyar manoma, domin ita ake kai wa ƙungiyar aikin gona da ake kira «dure», wadda ta yi kama da gayya. Bayan hidimar tunawa da kakanni, wato «jesa», dangi na raba giyar da aka miƙa su sha tare.

4.3. Hannun hukuma

Dokokin harajin giya na 1909 da 1916, lokacin da Japan ke danne ƙasar, sun kashe dafa giya a gida sannu a hankali, ba a sake halatta shi ba sai 1995. A 1965, saboda ƙarancin abinci, gwamnati ta hana yin giya da shinkafa, sai kamfanoni suka koma yin «soju» ta hanyar sirka barasar dankali ko rogo da ruwa. Soju mai arha a kwalba, wadda ba ta lalacewa, ita ta bi ma'aikata zuwa birane, ta zama ginshiƙin «hweshik», walimar ma'aikata bayan tashi daga aiki, inda ake tashi daga wuri na ɗaya zuwa na biyu zuwa na uku, kuma ƙin karɓar kofin shugaba abu ne mai wuya. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2018 ya ba Koriya ta Kudu kimanin lita 10 na tsantsar barasa ga kowane baligi a shekara, alhali na Nijar bai kai lita 1 ba.

Al'adar ta fara sassautawa. A 2007 wata kotu a Seul ta ci wani shugaban aiki diyya saboda tilasta wa ma'aikaciyarsa sha. A 2019 aka rage ma'aunin barasar da aka yarda direba ya kasance da ita a jini daga kashi 0,05 zuwa 0,03 cikin 100. Harshen ma ya shaida canjin, domin an ƙiro «honsul», watau shan giya kai kaɗai, kalmar da ba a bukace ta ba lokacin da sha da taro abu ɗaya ne. A 2021 kuma gwamnati ta sa dafa makkoli cikin jerin al'adun gado na ƙasa.

5. Abin da ya canza a wajenmu

A ƙasar Hausa ma kwalba ta zo. Kamfanin Braniger ya yi shekaru yana yin Bière Niger mai hoton raƙumin dawa, wadda ƴan birni suka laƙaba wa «konjonktur». Amma ba ta gaji matsayin burkutu ba, ta tsaya a wajen wasu ma'aikata da sojoji da baƙi, a bayan katanga. Wa'azi kuwa ƙaruwa ya yi. Mu'azu Haɗeja, wanda ya rasu a 1958, ya rubuta waƙa sukutum a kan illar giya. Ƙungiyar Izala, wadda aka kafa a Jos a 1978, ta yi ƙarfi a Maraɗi. Jihohin Zamfara da Katsina da Kano sun fara aiki da dokokin shari'a a 2000, abin da ya tura wasu masu gidajen giya zuwa garuruwan bakin iyaka na Nijar, a watan Nuwamba na shekarar kuma, lokacin zanga-zangar ƙin bikin nunin tufafi na FIMA, aka far wa gidajen giya a Maraɗi.

To, ina zaman taron ya koma? Muna ganin amsar tana cikin butar shayi. Tun farkon shekarun 1990 samarin Nijar suka kafa «fada», majalisar da ake zama a ƙofar gida ana dafa shayi, Adeline Masquelier ta rubuta littafi a kanta a 2019. A fada akwai mai dafawa, akwai karo-karon kuɗin sukari da gawayi, akwai na ɗaya da na biyu da na uku, ana fara miƙa wa babba ko baƙo, kuma ba a cika dafa wa kai kaɗai ba. Tsarin da ke cikin gayya da hweshik yana nan: a zauna tare, a sha daga tukunya ɗaya, a san na gaba da na baya.

Gefe ɗaya kuma ga «shaye-shaye». Sigar kalmar na nuna yawan aiki iri-iri, ma'anarta ta yau kuwa ta haɗa wiwi da sholisho da ƙwayar tramol da maganin tari mai kodin, wanda Najeriya ta hana a 2018. Waɗannan ana shan su a ɓoye, babu babba a wurin, babu ƙa'idar zuba wa juna, babu ranar tashi. Idan uwa a ƙauye ta ce ɗanta «yana shaye-shaye», da wuya giya take nufi.

6. Kammalawa

Mun ga cewa «sha» na Hausa da «mokta» na Koriya sun bi hanya ɗaya daga ma'anar zahiri zuwa ta abin da ke auka wa mutum. Mun ga kuma cewa a ƙasashen biyu giyar hatsi mai saurin lalacewa ta tafi tare da aikin gona na haɗin gwiwa, sai dai a Koriya ƙa'idojin zaman suka bi kwalba zuwa ofis, a wajenmu kuwa suka rabu da giya suka koma kan shayi.

Abubuwa biyu ne suka rataya a wuyanmu. Na ɗaya, aikin ƙamus. Tun da aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da harshen gida a Damagaram a 1973, yawancin aikin kalmomi a Nijar domin ƴan makaranta ake yin sa, kuma daidai ne littafin yara ya tsallake wannan fanni. Amma ƙamus na bincike ba shi da wannan uzuri. Bargery (1934) da Abraham (1949) sun fi ɗaukar Hausar Najeriya. Ya kamata ɗaliban da suka fito daga Tasawa da Mayahi su nemi dattawa, musamman mata, su ɗauki sunayen matakan dahuwa da na tukwane da ƙore, da gaisuwa da kirarin wurin gayya, su sa karin sauti da tsawon wasali, su kuma sakaya sunan duk wanda ya ba su labari.

Na biyu, aikin fassara a fannin lafiya. Ma'aikacin asibitin da ya mai da tambayar takardar Faransanci zuwa «kana sha?» bai yi tambaya ba, tuhuma ya yi, kamar yadda (3c) ta nuna, kuma «a'a» zai samu ko da hantar majinyaci ta kumbura. Idan kuwa ya ce «kana shaye-shaye?», mai shan giya zai iya rantsewa cewa ba ya yi, bai kuma yi ƙarya ba a fahimtarsa. Zai fi kyau a jero abubuwan sha ɗaya bayan ɗaya, a fara da shayi da taba, a ambaci kowanne da sunansa, a tambayi yaushe rabon mutum da shi. Muna fata abokan aiki na sauran karuruwan Hausa, da masu nazarin Zabarmanci da Barbarci da Fulatanci, za su gwada misalan (1) zuwa (4) a nasu fagen, domin a ga iyakar inda wannan bayani ya tsaya.